Asusun horar da jagororin sansani don tunawa da Baba, ko dai mu haƙa rijiya?

ƊanMalam_Yelwa:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma zan ɗan ja zance, ku yi haƙuri.

Watan gobe Baba zai cika shekara da rasuwa. Malamin firamare ne a ƙasar Yauri har ya yi ritaya, amma abin da aka fi saninsa da shi sikawut ne. Ya fi shekara 30 yana kwasar yara zuwa sansani, yana koya musu kafa tanti, ƙulla igiya, hura wuta da ɗanyen itace, ɗaure karaya kafin a isa asibiti. Da muke gyaran ɗakinsa muka tarar da ƙyallen wuyansa a ninke, da wasu 'yan ƙwayoyin itace guda biyu a zaren fata, da wani tsohon littafi da yake rubuta sunan duk yaron da ya taɓa fita da shi. Ni dai ban iya gama duba littafin nan ba.

Mu bakwai ya bari, mun haɗa naira miliyan 4 don a yi masa wani abu. Ni da ƙanwata muna son a buɗe asusu da sunansa, kowace shekara a ɗauki mutum biyu ko uku cikin masu irin aikinsa, malamin da ke riƙe da sikawut a makaranta, ko kwamandan 'yan agaji, a biya masa kuɗin kwas da na mota da guzuri ya je ya ƙaro ilimin jagorancin mutane a daji da ruwa da dutse. Dalilinmu shi ne mun san Baba ya taɓa sayar da kekensa don ya je irin wannan kwas, ya dawo yana zuwa makaranta a ƙasa har kusan shekara.

Babban yayanmu ya ce wannan bidi'ar Turawa ce, a haƙa rijiyar burtsatse a unguwa kowa ya sha. Inna ta ce duk abin da muka yi daidai ne, wato ta bar mu da rigimarmu. Me kuka gani?

Hajiya_Gwandu:
Allah ya jiƙan Malam, ya sa ya huta. Ɗana, ni dai ina bayan yayanku. Ruwa ba ya tsufa. Akuya ta sha, almajiri ya sha, matafiyi ya yi alwala, duk lada na tafiya kabarinsa. Wanda kuka tura kwas kuwa gobe ya samu aiki a Abuja ya tafi da ilimin a aljihu, sai ku ce da wa?

TsohonSikawut78:
Inna lillahi. Ashe Malam ya rasu? Wallahi ban ji ba sai yanzu. Daga kwatancen nan na gane shi, sunana na cikin littafin da kake faɗa, ka duba wajen farko-farko.

Ƙwayoyin itacen nan kada ku yar da su, ƙanena. Ita ce alamar da ake kira Wood Badge, shaidar cewa mutum ya kammala babban horon shugabannin sikawut. Tun 1919 aka fara bayar da ita a Gilwell Park da ke Ingila, zamanin Baden-Powell wanda ya kafa sikawut, kuma har yau ko'ina a duniya ƙwaya biyu ake rataya wa wanda ya gama. Sikawut ya shigo Najeriya a 1915, amma a ƙasarmu nan waɗanda suka kai ga rataya wannan ba su da yawa. To kun ga abin da keken ya saya.

Ni abu ɗaya zan faɗa. Muna aji shida ya kai mu sansani, wani yaro ya zame a kan dutse, ƙafarsa ta karye, ƙashi har ya turo fata. Mu duka muka ruɗe, wasu na kuka. Malam ko gezau. Ya sa biyu su sari sanda, ya yage rigarsa, ya ɗaure ƙafar yadda ba za ta motsa ba, muka yi makara da sanduna biyu da bargo muka ɗauko shi har bakin hanya. Yaron nan yau direban babbar mota ne, da ƙafar yake taka birki. Idan ba a horar da wasu irin Malam ba, wa zai yi wannan?

Almajirin_Jega:
Allah ya gafarta masa. Kafin a kai ga rijiya ko kwas, tambaya ɗaya, Malam ƊanMalam: kuɗin nan daga aljihunku ya fito ko daga cikin abin da ya bari? Idan daga dukiyarsa ne kuma ba a raba gado ba, to ba ku da ikon taɓawa sai da yardar kowane magaji, kuma idan akwai ƙaramin yaro a ciki, rabonsa ba a kyauta da shi. Wasiyya ma iyakarta sulusi, kamar yadda ya zo a hadisin Sa'ad ɗan Abi Waƙƙas.

Idan kuwa naku ne, to duka biyun suna da madogara. Hujjar yayanku mai ƙarfi ce: Sa'ad ɗan Ubada ya tambayi Annabi (SAW) wace sadaka ta fi don mahaifiyarsa da ta rasu, aka ce masa shayar da ruwa. Ku kuma hujjarku tana cikin hadisin abubuwa uku da ba sa yankewa bayan mutuwa, sadaka mai gudana, ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai addu'a. Kalmar bidi'a dai ba wurinta ba ne a nan. Wakafi ne, kuma wakafi ya girmi Turawan da ake zargi da shi.

ƊanMalam_Yelwa:
Allah ya saka, Malam. An raba gado tun watanni huɗu da rasuwarsa, gona ce da gida. Wannan karo-karo ne muka yi daga albashinmu da kasuwancinmu.

Yaya TsohonSikawut78, na duba. Ban san sunanka ba, amma shafin farko yana ɗauke da 1977. Ka sa ni hawaye a ofis.

Mai_Tsokana:
Ni fa ban gane ba. Jagorancin daji a wannan zamanin? Wane dajin? Wanda muka bar wa masu shi? Ku tura mutum ya koyo kafa tanti ya dawo ya kafa a tsakar gida.

Maman_Biyu_BK:
Ko da yake da wasa ya faɗa, Mai_Tsokana ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Tun sace 'yan makaranta da aka yi a Jangebe da Birnin Yauri a 2021, wace uwa ce za ta sa hannu a takarda a tafi da ɗanta kwana a waje? Ni ko yawon buɗe ido na yini ɗaya aka ce makarantar su za ta je, sai na yi ta kiran malamar har su dawo. Ban ce niyyarku ba ta da kyau ba, amma kada ku horar da mutane a kan abin da ba za su samu damar yi ba.

ƊanSarkawa:
Ku dakata, kun tai daji kun bar ruwa. Wanga bawan Allah mutumin Yauri na, kuma abin da ka cin mutanen Yauri da Ngaski da Shanga ba dutse na ba, gulbi na. Kowa ya tuna jirgin da yan nutse wajen Warra cikin watan Mayu na 2021, mutum sama da ɗari a ciki, waɗanda aka hiddo da rai kaɗan. Kuma ba shi ɗai na ba, duk damina sai an ji.

Tun da aka tare ruwa a Kainji a 1968, itatuwan da ruwa ya cinye suna nan tsaye ƙarƙashi. Wanda ya san hanya ya san inda kututture yake. Yaro sabon direba, ga lodi ya wuce ƙima, ga dare, shi ke nan. In kuna son Malam shi samu lada, ku horar da masu tuƙin jirgi da yaran tasha: yadda aka ceton wanda ruwa ya ci ba tare da shi ja ka ƙasa ba, yadda aka jeho mai igiya ko jarka, yadda aka danna ƙirji in an hiddo shi. Mu mun iya ruwa tun muna ɗiya, amma wallahi da yawanmu in an hiddo mutum sai mu kihe shi muna matsa mai ciki, ashe ba haka a kai ba.

Nas_Zuru:
ƊanSarkawa ya faɗi gaskiya, kuma wannan matsa cikin yana kashe mutane. Wanda aka ciro daga ruwa ba ya numfashi iska yake buƙata. A kwantar da shi rigingine, a buɗe hanyar numfashi, a hura masa, a danna tsakiyar ƙirji sau 30 a hura sau 2, a ci gaba. Matsa ciki amai yake kawowa, aman ya koma huhu. Ƙwaƙwalwa kuma mintoci kaɗan take jurewa babu iska, don haka wanda ke bakin ruwan shi ne likitan, kafin a zo wurinmu an gama.

Irin wannan horon Red Cross na bayarwa, kwana biyu zuwa uku, kuma kuɗinsa ba ya kai na tura mutum wata jiha. Sai dai hannu yana mantawa. Idan ba a maimaita bayan shekara biyu ko uku ba, takardar ce kawai za ta rage. Duk wanda zai kafa asusu ya sa kuɗin maimaitawa a lissafi.

Abban_Sadiya:
Ai Annabi ma cewa ya yi ku koya wa 'ya'yanku iyo da harbi da hawan doki. Magana ta ƙare.

Almajirin_Jega:
A yi hattara, Abban_Sadiya. Wannan lafazin an fi saninsa a matsayin maganar Sayyidina Umar, malaman hadisi ba su inganta jingina shi ga Annabi (SAW) ba. Ma'anarsa kyakkyawa ce, amma a ajiye kowace magana a bakin mai ita.

Abban_Sadiya:
Na karɓi gyara, Malam. Allah ya ƙara sani.

Ɗan_Kwatarkwashi:
Gaisuwa daga Zamfara. Masu cewa babu inda za a tura mutum, akwai. Cibiyar horar da 'yan ƙasa da shugabanci ta gwamnatin tarayya, wadda kowa ya sani da Man O' War, aikinta ke nan. A 1951 aka kafa ta a wani gaɓar teku da ake kira Man O' War Bay kusa da Victoria, garin da yanzu ake ce wa Limbe a Kamaru, lokacin yankin yana haɗe da Najeriya. Daga nan sunan ya samo asali. Wani Bature Alec Dickson ne ya assasa ta. Yanzu tana da makarantar dutse a tsaunukan Shere da ke Jos, da ta ruwa a Apapa, kuma tana da reshe a nan garinmu gindin dutsen Kwatarkwashi, cikin ƙaramar hukumar Bungudu.

Ni na yi na Shere. Ranar da aka ɗaura mini igiya aka ce in sauko daga kan dutse da baya, na karanta duk addu'ar da na haddace har da ta shiga kasuwa. Amma abin da ya zauna mini ba saukowar ba ce. An raba mu rukuni-rukuni, aka ba mu taswira da kamfas, aka ce yau kai ne shugaba, gobe wani. Ranar da ta faɗo kaina na ɓatar da mutum goma sha ɗaya har la'asar saboda na ƙi sauraron wani yaro ɗan Binuwai da ya ce mun baro hanya. Malamin da ke biye da mu bai ce uffan ba sai da muka dawo, ya zaunar da mu ya ce kowa ya faɗi inda aka kuskure. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma tun daga nan ban ƙara riƙe mutane yadda nake yi da ba.

Kofa_Dakingari:
Ashe 'yan Man O' War ɗin nan makaranta gare su? Ni na ɗauka an halicce su ne kawai don su tashe mu ƙarfe huɗu na asuba a sansanin bautar ƙasa su sa mu rarrafe ƙarƙashin waya. Har yau in na ji usur gabana faɗuwa yake.

Mai_Tsokana:
Kofa, kai da aka ce ka haye katanga ka ce kana da olsa.

Akanta_Aliero:
Bari in zuba muku ruwan sanyi, aikina ne. Miliyan 4 idan kuka riƙa ciro kuɗin mutum uku kowace shekara daga uwar kuɗin, shekara nawa za ta yi? Ku lissafa kuɗin kwas, motar zuwa Jos da dawowa, abinci, takalmi da sauran kaya. Sannan ku tuna a 2024 hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari. Kuɗin da aka ajiye a banki yana barci, kowace shekara ɓera na cin gefensa ko ba a taɓa shi ba. Asusun tunawa da yawa haka suke mutuwa: shekarar farko a yi taro da kujeru da lasifika, ta biyu a ba mutum ɗaya, ta uku a daina ɗaga waya.

Abin da ya sa wakafi ke daɗewa shi ne ƙa'idar da aka ba Sayyidina Umar a kan gonarsa ta Khaibar: a riƙe asalin, a yi sadaka da amfanin. Malam Almajiri zai gyara mini in na kauce. To ku nemi asalin da ke haihuwa. Shago a kasuwa da za a riƙa karɓar haya, ko fadamar shinkafa da za a bayar aro, ko sukuk, wato takardun zuba jari na tsarin Musulunci, na gwamnatin tarayya da aka fara fitarwa a 2017, tunda babu riba ta haram a ciki. Abin da ya fito shi za a kashe, ko da mutum ɗaya ne a shekara.

Na biyu, kada kuɗin ya zauna a asusun ɗayanku, ko da shi ne waliyyin gidan. Ku yi rajistar amintattu a CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, za a buga sanarwa a jarida a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi, sannan ku buɗe asusu da sa hannun mutum biyu. Ku sa bare ɗaya a cikin amintattun. Zumunci ya fi miliyan 4, kuma na ga an ɓata shi a kan abin da bai kai haka ba.

Almajirin_Jega:
Ba ka kauce ba, Akanta. Hadisin yana cikin Bukhari da Muslim.

Malama_Kamba:
Tun ɗazu nake karantawa, kowa "shi", "shi", "a tura shi". Mata fa? Ni ke riƙe da 'yan gaid, wato sikawut na 'yan mata, a makarantarmu shekara tara, ban taɓa zuwa kwas ko na yini ɗaya ba. Abin da na gada daga malamar da ta gabace ni shi nake juyawa. In an turo takardar horo, kafin ta iso hannuna an riga an rubuta sunan namiji. Kuma ku lura, in jirgi ya kife, su wa aka fi rasawa? Mata da yara masu zuwa kasuwa ko biki, saboda yarinya da ta fara girma ake hana ta shiga ruwa. Namiji ba zai koya wa 'yan mata iyo ba, iyaye ba za su yarda ba, kuma suna da gaskiya. Sai mace. To ina macen da aka horar?

Ɗan'uwa, in kun yi asusun nan, ku rubuta a takarda cewa gurbi ɗaya na mace ne. In ba a rubuta ba, ba za a yi ba.

Hajiya_Gwandu:
Malama, wannan kam kin taɓa ni. 'Yar ƙanwata a ruwa ta tafi, da goyo a bayanta. Har yanzu ina kan rijiyata, amma na ji ki.

Bakabe_a_Amurka:
Allah ya jiƙan Baba. Abin da kuke shirin yi a nan ƙasar sananne ne. Mutum ya rasu, musamman mai hawan dutse ko malamin daji, sai iyalinsa su ajiye kuɗi da sunansa a wata makaranta, a riƙa biya wa masu koyarwa kuɗin ƙarin horo. Akwai makarantar NOLS da aka kafa a jihar Wayomin a 1965, akwai Outward Bound, duka makarantun horo ne a daji da ruwa da dutse. Wani kwas da ake yawan biya wa mutane shi ne na agajin gaggawa a inda babu asibiti kusa, kusan awa 80 ne, kwana takwas zuwa goma.

Wani abu da zai ba ƊanSarkawa sha'awa: Outward Bound ɗin nan, wadda Man O' War ta kwaikwayo, asalinta ruwa ne. A 1941 aka buɗe ta a Aberdovey da ke Wales, Kurt Hahn da wani mai jiragen ruwa Lawrence Holt. Labarin da ake bayarwa shi ne a lokacin yaƙi an lura in jirgi ya nutse samarin matuƙa sun fi tsofaffi mutuwa a cikin kwale-kwalen ceto, duk da sun fi su ƙarfi, saboda ba su saba da wuya ba.

Shawarata, kada ku yi tunanin turo kowa nan. Kuɗin jirgi kaɗai zai cinye asusun. Abin da za ku ɗauka daga wurinsu shi ne tsari: mai nema ya rubuta abin da yake yi yanzu, da abin da zai yi in ya dawo, wani ya tsaya masa, kuma kuɗin a biya makarantar kai tsaye.

Kawu_Argungu:
Yara, kun cika son takarda. Mu nan Argungu tun 1934 da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo aka yi mai su, ake taron Matan Fada. Dubban mutane ka faɗawa ruwa lokaci guda da gora da homa. Wa ka tsaron su? Sarkin Ruwa da mutanenai. Wace makaranta suka yi? Je ka ga kabanci, tseren jirgi, nutso, kamun agwagwar ruwa da hannu. Har UNESCO ta sa bikin cikin kayan gadon duniya a 2016, ba don satifiket ba. In kuna da kuɗi, ku ba tsohon masunci shi zauna da yara shi koya musu. Shi ma malami na, kuma yana mutuwa da abin da ya sani.

Nas_Zuru:
Kawu, ranka ya daɗe, ba a raina su ba. Ni in ruwa ya ci ni, masunci nake roƙon Allah ya kawo, ba likita ba. Amma ƊanSarkawa da bakinsa ya ce suna kifa mutum su matsa ciki. Shi ya iya cirowa, ni na iya abin da ake yi bayan an ciro. A haɗa mu a rumfa ɗaya mana. A Bangaladash haka suka yi, suka kafa shingen gora a cikin tafkunan ƙauye, suka horar da matasan garin su koya wa yara iyo. Ba su gina wurin wanka na zamani ba.

Kawu_Argungu:
To, ɗiyata, in haka na, ban ƙi ba. Amma a biya tsohon, kada a ce mai "Allah shi saka" a ba mai farar riga ambulan.

Gandu_Bussa:
Wani gefen da ba a taɓo ba. A New Bussa, maƙwabtanku ta jihar Neja, akwai kwalejin tarayya ta kula da namun daji, ga kuma gandun Kainji da ɓangarorinsa biyu, Borgu da Zugurma. Masu gadin daji da masu raka baƙi su ma jagorori ne. Sai dai wannan karatun difloma ne na shekaru, ya fi ƙarfin asusunku a yanzu. Na faɗa ne don kada a ɗauka harkar duka ta 'yan gajeren wando ce, akwai masu cin abinci da ita.

TsohonSikawut78:
Maman_Biyu, na daɗe ina juya maganarki. Gaskiya ce, yanzu ba mai kai yara inda Malam ya kai mu. Amma a ganina wannan ne ma ya sa ake buƙatar horon. Rabin abin da ake koya wa jagora shi ne sanin ranar da ba a fita: wa ka tambaya kafin ka tashi, wa ya san inda kuke, ina hanya ta biyu, yara nawa ne a hannun babba ɗaya, me za ka yi in waya ta ɗauke. Malam yakan ƙirga mu sau biyar a yini har muna yi masa dariya. Sansanin da muke yi yanzu a cikin harabar makaranta ne a cikin gari, da katanga da mai gadi, kuma yara suna koyon igiya da agaji da girki yadda ya kamata. In ambaliya ta zo, kamar yadda ta yi mana a 2020, yaran nan da 'yan agaji su ne ke ɗaukar tsofaffi.

Kuma Hajiya, batun wanda zai gudu Abuja: a sa sharaɗi. Duk wanda aka biya wa, ya dawo ya horar da mutum 20 a ƙaramar hukumarsa cikin shekara, ya kawo sunaye da hotuna, sannan a sallame shi. Ni na yi alkawarin dubu 50 duk shekara in dai ina raye, kuma zan nemo 'yan ajinmu. Littafin nan da ke hannunku, ƙanena, ba littafin tarihi ba ne kawai, jerin waɗanda Malam ke bi bashi ne.

Maman_Biyu_BK:
In cikin katanga ne, zan bar nawa su je. Amma fa zan kai musu abinci da kaina.

Yayan_Gida:
An turo mini wannan zancen, ni ne yayan da ake ta kira mai rijiya. Ban ce aikin Baba banza ba ne, ni ma ya kai ni sansani, ina shafi na uku in an duba. Abin da ƙanena bai faɗa muku ba shi ne unguwar da Baba ya zauna shekara 40, mata na tafiya mai nisa neman ruwan sha duk rani, gari a bakin gulbi. Baba da kansa ya sha faɗin haka. Rijiya in an haƙa an gama, ba kwamiti, ba fom, ba wanda zai zo ya ce an ba ɗan wane an hana nasa. Ni tsoron rigima nake, kuma na san halin gidanmu. Kalmar bidi'a kuwa cikin fushi na faɗe ta, Malam Almajiri, na janye.

Akanta_Aliero:
Yaya, rijiya ma ba a gamawa. Zagaya ƙauyukanmu ka ƙirga famfunan da suka mutu saboda babu wanda aka ɗora wa gyara. Ita ma tana son ɗan asusu da mai riƙe shi. Kwamitin da kake gudu yana jiranka a bakin rijiyar.

Mai_Tsokana:
A haƙa rijiyar, a horar da wanda zai ciro duk wanda ya faɗa. Kowa ya samu nasa.

Hajiya_Gwandu:
Kai dai Allah ya shirye ka. Burtsatse ake magana, ko kaza ba ta faɗawa.

ƊanMalam_Yelwa:
Yaya, ban san kana nan ba, da na tausasa harshe. Gaskiya ne batun ruwan unguwa, na bar shi a baya, ka yi haƙuri.

Jama'a na gode. Na kwafe maganar Akanta da ta Malama_Kamba da ta ƊanSarkawa zan kai zaman gida ranar Juma'a bayan an sauko. Ƙanwata ta kira ni yanzu, ta ce in ba a sa gurbin mace ba a mayar mata da kuɗinta. Ban san inda za mu tsaya ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ruwan, don ban taɓa haɗa aikin Baba da tashar jirgi ba sai yau.

ƊanSarkawa, in aka ce za a tara direbobin jirgi kwana uku, za su zo kuwa? Ko sai an biya su kuɗin yinin da suka rasa?

ƊanSarkawa:
Ranar kasuwa ko ka yanka sa ba ka ganin kowa. Ka bi ta hannun Sarkin Ruwa da shugaban tasha, ka zaɓi ranakun da ba ci, ka aje abinci da kuɗin mai. Kuma a yi shi kahin ruwa shi cika, ba bayan an yi ta'aziyya ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ma ta aje 25 ga Yuli ranar hana nutsewa, ga lokaci nan daidai farkon cikar gulbi.

Malama_Kamba:
Matan tashar fa, masu soya kifi da masu sayar da fura? Kullum suna bakin ruwan, kafin a kira namiji su suka fara gani.

TsohonSikawut78:
Ƙanena, in ba damuwa ka ɗauko mini hoton shafin 1977 ka turo ta akwatin sirri. Akwai mutum biyu a ciki da nake nema tun muna samari.